Jawabi kan shirya tafkin kifi na lambu kafin hunturu

Makiyaya da masu lambu na Arlit da Akokan.

To, hunturu ya ƙarato. A Disamba da Janairu sanyin dare a nan yakan sauko kusa da digiri 10. Ku da kuka zuba karfasa cikin tafkin siminti, ku saurara. Karfasa ba ta jure sanyi. In ruwa ya sauko ƙasa da digiri 17 sai ta daina ci, kusa da 10 kuwa mutuwa take.

Na ɗaya: tun Nuwamba ku kwashe laka da ganyaye, ruɓarsu na cinye iskar ruwa.

Na biyu: ku cika tafki ya kai mita 1. Ruwa mai zurfi ba ya saurin yin sanyi.

Na uku: ku kafa zana ta arewa da gabas, don iskar hunturu daga can take fitowa.

Na huɗu: ku rage abinci, ku ba su da tsakar rana kaɗai. Abin da ya rage ruɓewa yake.

Awaki da raƙuma kuwa, a yi musu kwami daban, kada su sha ruwan tafki su yi zawo.

Allah ya ba da sa'a.