JAWABIN GIRMAMA MAGABATANMU NA AIKIN AGAJI



Kwamitin bikin cika shekara 50 ya ɗora mini nauyin yin magana a kan 'yan'uwan da suka fara aikin agajin gaggawa a cikinmu. Sunayensu suna shafi na gaba, wasu suna zaune tare da mu, wasu kuma Ubangiji ya kira su gida.

Kowa ya san hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Gwaram da Basirka har ƙasar Bauchi. Arzikin garin nan ce, amma ta ci mutane. Sa'ad da waɗannan bayin Allah suka fara, muna Jihar Kano, domin ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai 1991. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa kuwa sai a 1988 aka kafa ta. Wayar hannu ba a ma yi mafarkinta ba. In mota ta kife da dare, sai mai keke ya kawo labari, a buga ƙarfen majami'a a lokacin da ba na sujada ba, kowa ya san abin da ake nufi.

Su wane ne suke fita? Direba mai a-kori-kura wanda bai taɓa karɓar kuɗin mai ba. Kafinta da ya haɗa gadon ɗaukar majiyyaci da gora da buhu. Malamar asibiti wadda ta koya musu yadda ake danne rauni a tsai da jini, da yadda ake ɗaga mai karaya ba tare da an lanƙwasa masa wuya ko baya ba. Iyayenmu mata kuma sun ba da zannuwansu, ana rufe waɗanda suka rasu. Wanda ya san darajar zane a akwatin mace a wancan zamani ya san ba ƙaramar kyauta ba ce.

Abin da ya fi wuya ba jinin ba ne, tsoro ne. A lokacin, wanda ya kai mai rauni asibiti yakan wayi gari shi ake yi wa tambayoyi, har mutane suka koyi kau da kai su wuce. Magabatanmu sun san haka sarai, suka kuma ci gaba da fita. Ba su taɓa tsayawa tambayar sunan wanda ke kwance ko addininsa ba, kuma sau da yawa da 'yan agajin 'yan'uwanmu Musulmi ake kama gado ɗaya. Mu da muke karanta labarin Basamariye a Luka sura 10, a kan kwalta suka yi mana fassararsa.

Yau fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa. Akwai lambar 122 ta masu kiyaye haɗura. Duk da haka aikin bai ƙare ba. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, aka rasa fiye da mutum 150, yawancinsu waɗanda suka matso kusa da ita. Jami'ai sai an kira su sun taho, na kusa ne ke fara isa, kuma na kusan nan mu ne.

Matasa, da ku nake. Abin baƙin ciki ne a ga mutum goma a wurin haɗari, tara suna ɗaukar hoto da waya. Waɗanda muke girmamawa yau ƙarfinsu ya ƙare, a-kori-kurar ma ta daɗe da mutuwa. Dattawa sun amince a nemi ƙungiyar Red Cross ta koya mana taimakon farko, za a kuma buɗe littafin masu ba da jini, kowa da rukunin jininsa. Sakatare yana bakin ƙofa da littafin bayan addu'ar rufewa.

Yanzu ina roƙon magabatanmu da ke raye, da gwauraye da 'ya'yan waɗanda suka huta, su fito gaba domin Rabaran ya miƙa musu takardun yabo. Jama'a, mu miƙe tsaye.

Ubangiji ya sa mana albarka. Amin.