Mace a Addinin Tsohuwar Girka: Mai Riƙe da Makullin Haikali



An nemi in yi magana a kan matsayin mata a addinin Girkawan dā, mutanen da suka bauta wa alloli da yawa, maza da mata. Tarihi muka zo karantawa, don haka za mu ɗauki akidarsu yadda su suka ɗauke ta, mu ga me ta ba mace, me kuma ta hana ta.

A birnin Atina na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, mace ba ta zama a majalisar gari, ba ta jefa ƙuri'a, ba ta tsayawa gaban alƙalai ta kare kanta. Daga yarinta har tsufa tana hannun waliyyi: uba, ko miji, ko ɗa. Duk da haka, muƙamin addini mafi daraja a birnin, wato kula da bautar allahiya Atena a kan dutsen Akrofolis, na mace ne, kuma gadon zuri'a ɗaya ne. Wata mai suna Lisimaki ta riƙe shi shekara 64. Masanin tarihi Hirodotus ya ruwaito cewa a wajajen 508 kafin Miladiyya, Kiliyomenis sarkin Sifarta ya hau dutsen da mayaƙansa, ya nufi cikin haikali, sai matar da ke kan muƙamin ta tashi daga kujerarta ta ce ya koma, ba a yardar wa ƙabilarsa shiga ba. Bai saurara ba, amma cikin 'yan kwanaki mutanen gari suka fitar da shi.

A birnin Argos ma da sunan uwar haikalin Hera ake ƙirga shekaru. Da masanin tarihi Tusididis ya zo faɗin shekarar da babban yaƙin Atina da Sifarta ya ɓarke, wato 431, ya ce a shekara ta 48 ta Kirisis a kan muƙaminta ne. Baiwar Allah kuwa ƙarshenta bai yi kyau ba: bayan shekara takwas ta ajiye fitila kusa da furannin ado, barci ya ɗauke ta, haikali ya ƙone, ta tsere daga gari cikin dare. A kan duwatsun kaburburan irin waɗannan mata akan sassaƙa su ɗauke da ƙaton makulli, kamar yadda ake gane uwargida da makullin ɗakin ajiya.

Da mulkin jama'a ya kafu a Atina, ya taɓa addini ma. Sabon muƙamin kula da Atena Nike ba a ba wata zuri'a shi ba, an ce a fitar da mai shi da ƙuri'a daga cikin dukkan matan Atina. Dokar tana nan rubuce a jikin dutse: dirakma 50 a shekara, da ƙafafu da fatun dabbobin da aka yanka. Ƙwararren magini yana samun dirakma ɗaya a yini, ku lissafa da kanku.

Sai Delfi, inda sarakuna da jakadun birane suke zuwa jin ta bakin abin bautarsu Afolo, kuma ta bakin mace guda yake fita, wadda ake kira Fitiya. An daɗe ana koyar da cewa sambatu kawai take yi, maza masu hidima su ne suke tsara amsar. Ni ban gamsu ba. Marubutan dā suna nuna ta tana magana kai tsaye da mai tambaya. Kuma Hirodotus ya kawo labarin wata Fitiya mai suna Feriyalla da aka tuɓe saboda an haɗa baki da ita ta yanke hukunci a rikicin sarautar Sifarta. Wa zai ɓata lokacinsa yana zawarcin wadda maganarta ba ta da nauyi?

Waɗannan 'yan ƙalilan ne. Ina sauran matan gari? Amsar tana cikin bikin Tesmoforiya na allahiyar hatsi, Dimita, wanda akan yi daf da shuka, wajajen watan Oktoba. Kwana uku matan aure 'yan asalin gari suke barin gidajensu, su kafa bukkoki, ba namiji ko ɗaya. Su suke zaɓen shugabanninsu. Rana ta biyu ta azumi ce, a zauna a ƙasa ana juyayin Dimita da aka sace wa 'ya. Akan kuma sauka cikin ramuka a kwaso ruɓaɓɓen naman 'ya'yan aladun da aka jefa tun tuni, a gauraya da iri don gona ta yi albarka. Abin ba daɗin ji, na sani. Amma ku dubi ma'anarsa a wurinsu: abincin gari na shekara da haihuwar 'ya'yansa an damƙa su a hannun mata, cikin asirin da maza ba su da ikon gani. Ya dame su kuwa, har Aristofanis ya yi wasan barkwanci a 411 a kan wani tsoho da ya yi shigar mata ya kutsa cikin bikin.

To, ina iyakar wannan iko? A nan hujjata take. Gari ya girmama ibadar mace muddin gari take yi wa hidima. Da zarar ta fita daga wannan da'ira, sai doka ta taso. Ana danganta wa Solon, mai tsara dokokin Atina a farkon ƙarni na 6 kafin Miladiyya, dokokin da suka taƙaita kukan mutuwa da yagar fuska da mata suke yi a jana'iza. Bikin Adonis, wanda mata suke yi a kan rufin gidajensu ba da kuɗin hukuma ba, an ɗauki kukansa a matsayin mugun fata ga rundunar da ta tashi zuwa Sisili a 415. A ƙarni na 4 an yanke wa wata Ninos hukuncin kisa bisa zargin jagorantar bautar baƙon abin bauta, an kuma kashe Tiyoris 'yar tsibirin Lemnos a kan magunguna da sihiri.

Akida kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Mutane sun fara neman addinin da zai yi musu alkawarin wani abu bayan mutuwa, kuma ibadar asiri ta garin Elusis ta buɗe ƙofa ga mace da bawa da baƙo, in dai yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba. Bayan zamanin Iskandar, bautar Isis ta Masar ta bazu, wasu biranen Asiya Ƙarama kuma suka shiga sayar da muƙaman addini ga mai kuɗi. Delfi ta ja baya: marubuci Fulutak, wanda ya yi hidima a can, ya ce dā mata biyu ke aiki da ta uku a ajiye, a zamaninsa ɗaya ta wadatar. A 391 da 392 na Miladiyya sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta yanka ga alloli, a 396 mayaƙan Alarik suka rusa Elusis. Kiristanci ya ba mata wasu ayyuka, kamar hidimar ikilisiya, amma taron shugabanninta a Lawudikiya a wannan ƙarnin ya hana su shiga wurin bagade.

Ɗalibai masu son bin wannan fanni, ku lura cewa kusan duk littattafan da na ambata maza ne suka rubuta su. Ku haɗa da rubutun jikin duwatsu, da jerin kayan da mata suka kai haikalin Atemis na Burauron, inda aka rubuta sunan mace da irin tufar da ta bayar.