Cutar da ke shiga ganye tun yana lambu



Rani ya shigo, fadamu sun cika da latas, kabeji, karas da tumatir. A bikin aure ko Kirsimeti, in babu salak sai a ce abinci bai cika ba, a gida kuma ga kwaɗon latas da ƙuli-ƙuli. Duk ɗanye muke cin su. In gudawa ta kama yara washegari, mai girki ake zargi. Sau da yawa ba laifinta ba ne, cutar ta hau ganyen tun kafin a cire shi.

Ƙwayoyin cutar, irin su E. koli da salmonela, a hanjin mutum da na dabba suke zama, da kashi suke fita. Suna isa lambu ta ɗanyen kashin shanu ko na kaji, ta ruwan kududdufi ko na kwata, ta awaki masu kutsawa cikin shuka, da kuma mu kanmu idan muka zaga bakin rafi. Ruwan ban-ruwa ya fantsamo ƙasa a kan latas, ƙwayar ta manne a lungunan ganyen, har ta kan shige ƙananan ƙofofin da ganye ke shan iska da su. Wanki yana rage ta, amma ba ya fitar da ita duka.

Ba matsalar talaka kaɗai ba ce. A 2006 alayyahon da aka noma a Kalifoniya ta Amurka ya kwantar da mutum kusan 200. A 2011 a Jamus, tsiron hulba ya kashe fiye da mutum 50.

Maganar taki ce ta fi damuna, domin takin zamani ya yi tsada, kowa ya koma kan kashin kaji. Ba na hana ku. Amma a tara shi, a riƙa juyawa, ya yi zafi ya ruɓe tukuna. Idan ɗanye za a zuba, a bar kwana 120, wato wata huɗu, kafin a cire duk abin da ke taɓa ƙasa. Latas ba ya kai wata huɗu a lambu, ke nan ɗanyen taki ba nasa ba ne sam. A zuba ruwa a gindin shuka, ba a kan ganye ba, a kuma yi shinge. Batun masai kuwa, ku duba Kubawar Shari'a 23:12-13, tun a jeji aka ba Isra'ilawa dokar binne bayan gida.

Iyaye mata, ku zubar da ganyen kabeji na waje, ku wanke sauran da ruwan da za ku iya sha. Ga ƙananan yara, masu ciki, tsofaffi da masu fama da ƙanjamau, a dafa ganyen. Idan gudawa ta zo, a fara ba da ruwan gishiri da sukari. Idan akwai jini a ciki, ko yaro ya daina fitsari, a kai shi asibiti a ranar, gama wannan ƙwaya tana iya lalata ƙoda.

Masu lambu, ku ɗan dakata bayan addu'ar rufewa mu tsara yadda za a haɗa takin.