ADDU'A GA MASU RIƘE DA ALƘALAMIN DOKA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah baki ɗaya. Bayan haka:

An ruwaito daga Fudailu bin Iyad, ɗaya daga cikin manyan magabatan sufaye, cewa da za a ba shi addu'a guda wadda ba a mayar da ita, to shugaba zai yi wa ita. Dalilinsa kuwa, idan ya roƙa wa kansa amfanin ya tsaya a kansa, amma idan shugaba ya gyaru, ƙasa da bayin Allah da ke cikinta sun gyaru. A kan wannan turba malaman ƙasar Hausa suka tafi. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ke wuyan sarakuna, kuma a Kano Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkam domin masu jan ragamar jama'a. Ba su bar masu mulki su kaɗai ba, sun bi su da nasiha da addu'a.

A yau alƙalamin da a da yake hannun sarki guda ya rarrabu. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya damƙa ikon yin doka ga Majalisar Tarayya: sanatoci 109, uku-uku daga jihohi 36 da guda ɗaya daga Abuja, sai 'yan Majalisar Wakilai 360. Kowace jiha kuma tana da tata majalisar. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su ne ke binciken yadda aka kashe dukiyar jama'a, kuma Majalisar Dattawa ce ke tantance ministoci da Alƙalin Alƙalan ƙasa. Layi ɗaya a cikin kasafi shi ne rijiyar ƙauye, shi ne maganin ɗakin haihuwa, shi ne rufin ajin yara. Idan aka goge shi, ko aka karkatar da shi, talaka ne zai kwana da ƙishirwa.

Tarihi ya nuna nauyin wannan zaure. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulki da zai buɗe ƙofar tazarce. Ranar 9 ga Fabrairu 2010, sa'ad da jinyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta tsawaita, majalisun biyu suka amince mataimakinsa ya riƙe ƙasa, aka kauce wa ruɗani. Kuma duk lokacin da soja suka karɓi mulki, kamar a 1966 da ƙarshen 1983, ƙofar majalisa ce ake garƙamewa. Wurin da ke ɗauke da irin wannan kaya bai kamata muridi ya manta da shi a lokacin ɗaga hannu ba.

To, me za a roƙa musu? Tsoron Allah a lokacin da ba mai ganinsu. Fahimtar abin da suke sa wa hannu. Ƙarfin zuciyar cewa a'a ga mai iko da mai kuɗi. Da tuna mutanen mazaɓar da suka aiko su. Addu'ar ta haɗa kowa, ɗan kowace jam'iyya, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin dokar da suka yi ba ta tambayar addinin wanda za ta hau kansa.

Sai dai addu'a ba fadanci ba ce, kuma tana da haƙƙi a kan mai yin ta. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa da turmin atamfa ko ƙunshin taliya ya riga ya rushe abin da yake roƙo. Haka nan wanda ya kwana yana roƙon Allah Ya tsare ɗan majalisa daga haram, da safe ya tsaya a ƙofarsa da buƙatar biki da ta suna wadda halalinsa ba zai ɗauka ba, shi ne ya tura shi ramin da yake nema masa tsari daga gare shi. Tarbiyyar ɗarika ita ce wadatar zuci, kuma harshen da ya wadatu ne ke iya faɗa wa mai mulki gaskiya cikin ladabi.

Saboda haka ana kira ga kowane ɗan'uwa ya san sunaye uku: sanatansa, wakilinsa na tarayya, da ɗan majalisarsa na jiha. Ya ambace su bayan wuridinsa, ya roƙa musu shiriya, sannan ya bibiyi aikinsu.

Allah Ya haskaka zukatansu, Ya sanya shawararsu ta zama rahama ga raunana, Ya zaunar da Nijeriya lafiya, albarkar Annabi (SAW) da bayinSa salihai. Amin.