Jawabin magatakarda a taron cikar shekara: wa muke yarda da shi?

 

An ce in yi magana kan asusun taimako, tunda littafinsa yana hannuna. Zan fara da abin da ya same mu a 2020. A watan Maris na shekarar aka rufe iyaka saboda korona. Dabinon wasu ya tsaya a Ingezam, dabbobin wasu suka tsaya a Asamaka, cinikin musaya ya mutu. A lokacin wata ƙungiyar agaji ta zo mana da tallafi, Allah Ya saka musu. Amma sai an cika takardu da Faransanci, a kawo shaidar rajistar kasuwanci, a kawo rasit na duk abin da aka saya. Ni na zauna na cika wa mutane. Waɗanda suka samu, yawancinsu masu shago ne da ba za su kwana da yunwa ba. Matar da ke sayar da tuwo a Geta'el Wad ba ta samu ba, don mai sayar mata da itace ba ya ba da rasit. Wani ya nemi kuɗin gyaran mota, aka ce tallafin na sayen kaya ne kawai, alhali motar ce kasuwarsa.

Su kansu masu agajin sun san da wannan matsala. A 2016 sun taru a Istambul, suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida. Shekarar ta zo ba a cika ba. A Amurka kuwa, wata attajira, MacKenzie Scott, tun 2020 take raba biliyoyin daloli ga ƙungiyoyi ba tare da ta gindaya musu sharaɗin yadda za su kashe ba. Tana bincike tukuna, in ta gamsu ta bayar, ta bar mai abu da abinsa.

Mu wannan ba baƙonmu ba ne. Alhaji zai ɗora wa yaro dabino cike da kamiyo, daga nan Tamanrasset ya bi Arlit da Agadas har Tawa ko Damagaram, ba takarda ba sa hannu, kuɗi kuma su dawo. Da amana muke cin abinci.

To amma, iyayena, ku yi mini afuwa, akwai inda tamu amanar take da gurgunta. Na duba littafin asusu tun daga shafin farko. Sunayen da ke maimaituwa na waɗanda suke da uban gida a kwamiti ne. Wanda ya zo sabo daga ƙauye, ko bazawara, ko yaron mota da maigidansa ya rasu, ba mai tsaya masa, don haka ba ya ma tambaya. Su ma suna zuba kuɗin wata kamar kowa. Masu agaji sun ce sai takarda, mu mun ce sai sanayya, kuma mutum ɗaya ne ake bari a waje duka biyun. Ni ma ina da laifi, don akwai ranar da na ce wa wani ya je ya nemo wanda ya san shi, bai sake dawowa ba.

Ga abin da nake roƙon taro ya amince da shi. Duk ɗan ƙungiya da ke biyan kuɗin wata, 'yan ƙungiya biyu, ko su wane ne, sun isa su shaide shi. In an ba shi, kada a ce masa ga abin da zai yi da kuɗin. Shi ya san inda ke yi masa ciwo. Maimakon rasit, bayan wata uku ya zo mu zauna ya gaya mana yadda ta kaya, ko riba ko faɗuwa. Sannan iyayenmu mata su samu kujeru biyu a kwamitin rabo.

Na san wasu za su ce za a cinye kuɗin. Za a samu mai ci, ba na musu. Yanzu ma akwai bashin da bai dawo ba, kuma masu uban gida ne suka ɗauka.

Littafin yana biro, duk mai son dubawa ya zo bayan la'asar. Shugaba ya ce za a kaɗa ƙuri'a a taron wata mai zuwa.