Gigin Tsufa da Horon Ɗaliban Jinya a Ƙasar Yauri



An nemi mu yi magana a kan lafiyar tsofaffi. Fagen yana da faɗi, saboda haka muka zaɓi sashe guda: yadda ya kamata a horar da ɗaliban jinya su kula da dattijon da ya kamu da cutar mantuwa, wadda a gida muke kira gigin tsufa. Za mu fara da abin da ya same mu a cikin gidanmu.

Muna da gwaggo, haifaffiyar wani gungu a tsakiyar Kwara. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cinye garinsu, aka tashe su tare da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Ta yi aure a Yelwa, ta shafe fiye da shekara 50 tana ciniki da Hausa. Da tsufa ya kama ta, sai ta soma ɗora tukunya ta manta, ta maimaita tambaya guda sau goma. Sannu a hankali ta daina gane jikokinta, Hausa ta riƙa kuɓuce mata, sai Gunganci. Kullum la'asar sakaliya takan ƙulle 'yan kayanta ta nufi bakin ruwa, wai za ta gida kada mahaifiyarta ta jira ta.

Wata rana zazzaɓi ya kai ta wani asibiti. Ta yi ta fizge allurar ƙarin ruwa, tana magana ba mai fahimta. Matashiyar da ke jinyarta, mai ƙwazo ƙwarai, ta ɗaure mata hannu a jikin gado. Sai da wata mai shara 'yar Gungawa ta saurara, ta ce fitsari ya matse ta, kuma kunya take ji saboda akwai namiji a kusa. Ba mu ga laifin yarinyar ba. Iyakar abin da aka nuna mata ta yi. Gyaran yana wajen koyarwa.

Jama'a, gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba kowane tsoho yake samu ba. Mafi yawan nau'insa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, sai wanda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara. A nan gida, binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, wanda aka buga a 1995, ya sami ciwon a jikin kimanin kashi 2 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan. Adadin kamar kaɗan ne, amma bayan kowane mutum guda akwai gida guda da ba ya barci.

Ciwon yakan fara cinye sabon tunani, ya bar tsoho sai daga baya. Shi ya sa mai harshe biyu kan koma harshen da ya sha a nono, ya kuma nemi gidan da ya tashi a ciki. Wannan ya shafe mu fiye da wasu. Samari da 'yan matan da aka tasa a 1968 yau sun haura shekara 70, kuma gidan da za su nema yana ƙarƙashin ruwa. Hanyar da suka sani zuwa gida ita ce hanyar kogi.

To me za a koya wa ɗalibin jinya?

Na farko, ya iya bambance ruɗewar da ta zo farat ɗaya da wadda ta zo sannu-sannu. Tsohon da jiya lafiyarsa lau, yau ya gigice, a nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar sukari ko illar wani magani. Wannan yana warkewa idan an yi hanzari. Gigin tsufa kuwa watanni da shekaru yake ɗauka. Haka kuma kurumta da tsananin damuwa kan yi kama da shi.

Na biyu, ya iya magana da majinyaci. Ya tunkare shi ta gaba, ya rusuna, ya gaishe shi da sunan da aka saba kiransa, ko Baba, ko Inna, ko laƙabin sana'arsa. Magana ɗaya, a hankali, a jira amsa. Kada a yi masa jarrabawar “ka gane ni?”, kada a yi gardama da shi. Wadda ta ce za ta wurin mahaifiyarta, in ka ce mata ta rasu, ka sabunta mata makoki, gobe kuma ta sake tambaya. Gara a zauna da ita a tambaye ta labarin gungu da noman albasa, har hankalinta ya kwanta.

Na uku, ya san cewa fizge-fizge da ihu saƙo ne. Ciwo, yunwa, fitsari, tsoro ko kunya, ɗaya daga cikinsu ne ke magana. A nemi dalili kafin a nemi igiya ko allurar barci, domin magungunan sa barci kan ƙara ruɗewa, su jawo faɗuwa da karaya.

Na huɗu, ya ɗauki iyali abokan aiki. Mafi yawan jinyar a gida ake yin ta, a hannun suruka ko jika. A koya musu juya majinyaci don gudun gyambon kwanciya, ba shi ruwa a kai a kai, kawar da wuta da wuƙa, da sanar da maƙwabta da masu kwalekwale a mashigi su san shi. A gaya musu gaskiya: har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon. Amma a 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, shan taba, kurumta da raunin gani. Rigakafi ya fi magani.

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ce ke tsara manhaja, kuma cibiyar kula da tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012, ta nuna cewa fannin yana koyuwa a ƙasar nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana nan don masu buƙatar ƙwararre. Sai dai babu littafin da zai koya wa ɗalibi Gunganci, Kambarci, Lopanci ko Shanganci, balle tarihin tashin 1968. Wannan rabonmu ne.

Saboda haka muna roƙon wannan taro abu uku. A ware wani kaso na tallafin karatunmu ga yaran Yauri, Ngaski da Shanga masu jin harsunan nan, su shiga kwalejin jinya ta Birnin Kebbi da makamantanta, bisa alkawarin dawowa su yi aiki a gida. A tura wakilai su nemi hukumar kwalejin ta riƙa turo ɗalibai aikin sanin makama a Yelwa, Wara da Shanga, su shiga gidaje tare da malamansu, mu kuma mu ɗauki nauyin masauki. Sannan kowannenmu, kafin ya koma birni, ya zauna da tsohonsa ya rubuta shafi guda: garin haihuwa, harshen farko, sana'a, sunan da yake so, abincin da yake ci, abin da ke ba shi tsoro. Ranar da aka kwantar da shi, a miƙa takardar ga mai jinya.

'Yan uwa, kuɗin da muke aikowa ƙarshen wata yana da amfani, amma ba ya hutar da matar da ta kwana uku tana gadin ƙofa. In mun zo hutu, mu karɓe ta ko na dare biyu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara duniya ke tunawa da masu wannan ciwo. Muna fatan kafin ta zagayo a ce kwamiti ya zauna, an kuma ɗauki ɗalibai na farko.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da hankalinmu. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri, ya mai da kowa gidansa lafiya.