Ƙaro Magani Ne, Amma A San Irinsa
(Jawabin da aka yi a taron ƙungiya)

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu da sauran 'yan'uwa, mun gode da aka ba mu fili mu yi magana a kan ƙaro, tun da haja ce da mu 'yan kasuwa muke sarowa muna sayar wa jama'a a nan Kurmi.

To, ƙaro dai ba iri ɗaya ba ne. Akwai na dakwara da ake samu a Barno, Yobe da Jigawa. Shi malamai ke sa wa tawada, kamfanoni kuma na zuba shi a alewa da lemon kwalba da lambar E414. Akwai na maje da na hano da aka fi yin turare da su. Sai murru da lubban masu zuwa daga Somaliya da ƙasashen Larabawa.

Na dakwara yana narkewa a ruwa, ana shan sa don laushin ciki da ƙaiƙayin maƙogwaro. Amma in ya yi yawa yana kumbura ciki. Wanda likita ya ɗora a kan amoxicillin kada ya haɗa su lokaci guda, domin ƙaron yana rage shigar maganin cikin jini. A bar tazarar awa 4.

Murru kuwa, iyayenmu mata, ku ji da kyau, mai juna biyu ba ta sha, don yana iya motsa mahaifa. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna. Turare kuma, kar a rufe ɗaki da garwashi ga jariri ko mai asma a ciki.

Saura mu masu sayarwa. Ƙasar nan akwai laima, ba kamar gida ba. Buhun da aka ajiye a ƙasa yakan yi funfuna, to irin wannan a zubar, kar a wanke a sayar. Kada mu gauraya mai tsada da mai araha, algus haramun ne. Kada kuma mu ce wa mai ciwon ƙoda ƙaro ya ishe shi, mu tura shi asibiti. Mutum ɗaya in ya cutu ta hannunmu, Hausawan garin nan duka za a zaga.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.